Bindigar da Na Saya wa Mordecai

Ranar Asabar ce, cikin watan Agusta na shekarar 2004. Na tashi daga Samaru na shiga Sabon Gari sayen albarushi. Ɗana Mordecai ne ya aiko da saƙo daga Shika, inda yake noma gonar da na gada. Ya ce birai sun fara shiga masara, ranar Asabar da la'asar zai fara harbi, kuma albarushin da ke hannunsa bai fi na ɗuri biyu ba. Bindigar ni na saya masa wata biyu kafin nan. Bai taɓa harba ta ba.

A maƙerar Nwankwo na saye ta, a wani lungu bayan kasuwa. Tsoho Nwankwo ya yi shekara talatin yana ƙera wa maharba bindiga. Da ƙarfen sitiyarin mota yake yin bututun, ya yi zane uku a ƙota. Maharbi in ya ga zanen nan ba ya ƙara tambaya. Da tsohon ya rasu sai ɗansa Sebastian ya gaji shagon, ya ci gaba da yin zanen.

Da na gama sayen albarushin, sai na ce bari in biya in gaishe shi. Na tarar da mutum kusan goma a ƙofar shagon, ƙofar kuma a rufe. Wata mata mai suna Modupe tana dukan ƙyauren da tafin hannu, tana faɗa da Hausa tana komawa Yarbanci. An ce mijinta yana kwance a asibiti, ido ɗaya ya tafi. A gefe, a kan benci, na ga Julius ɗan cocinmu, hannunsa na hagu a naɗe da bandeji. Ni na kawo Julius wurin nan da kaina. Ni na ce masa kada ya je ko'ina sai nan.

"Baban Ƙauna, kai ma ka zo karɓar naka rabon?" in ji Julius.

Na ce, "Me ya samu hannunka?"

"Yatsu saura uku," ya ce. Ya ɗaga bandejin kaɗan ya mayar.

Ya tura mini wani ƙarfe da ƙafa. Bututun bindiga ne, ya dare tun daga tsakiya kamar rake. Ya ce in kankare baƙin fentin in gani. Na kankare da farce. Bututun famfo ne, irin wanda ake jan ruwa da shi zuwa banɗaki.

Na ce, "Amma ai ana gwadawa. A gabana aka gwada ta Mordecai."

Haka al'adar take tun zamanin tsohon. Kafin ka tafi da bindiga, za a kai ka bayan shago, a ɗaure ta jikin bishiyar mangwaro, a ɗura mata albarushi ninki biyu, a ɗaura igiya a kunama, kowa ya ja da baya, a ja. In ta jure wannan, za ta jure hannunka.

Wani tsohon maharbi da ke tsugune a gindin bango ya ɗago kai.

"Malam, wadda aka gwada maka, akwai tabon ƙuna a ƙotarta? Kamar girman babban yatsa?"

Na yi tunani. Na ce akwai.

Sai suka yi dariya, su wajen biyar. Dariyar ba ta da daɗin ji.

"Sannu da zuwa," in ji maharbin. "Duk ita aka gwada mana. Ta tsohon ce, ba ta taɓa barin shagon nan ba. Da aka gama, bai ce maka bari ya shiga ya shafa mata mai ba?"

Lalle haka Sebastian ya ce mini. Ya shiga ciki, ya fito da ita a naɗe cikin buhu, ya ce kada in kwance a hanya saboda 'yan sanda. Har godiya na yi masa.

Muryar Sebastian ta fito ta taga. "Ku ne kuke cika albarushi! Bindiga ba tukunya ba ce da za a yi ta zuba mata."

"Fito ka nuna mana yadda ake zubawa, injiniya," in ji Julius.

Bai fito ba. Wani ya ce a je caji ofis. Maharbin ya ce to, wanda yake da takardar riƙe bindiga ya wuce gaba. Ba wanda ya motsa. Modupe ta gaji da dukan ƙofa, ta zauna a ƙasa tana gyara ɗankwalinta.

Na duba agogo. Ƙarfe biyu da kwata. Birai suna sauka gona wajen ƙarfe huɗu. Mordecai ba shi da waya, ni ma lokacin ba ni da ita.

Na san ya kamata in yi gudu, amma tafiya kawai na yi. Na hau acaba zuwa Kwangila, na shiga motar Shika, na zauna ina jira ta cika. Saura mutum uku. Ina kallon wata mata tana gasa masara a bakin titi, tana juya ta da hannu, tana fifita. Na ga ta juya guda bakwai. Ba na jin tsoro, ba na jin komai. Da ta cika muka tashi, ƙullin albarushin yana aljihun rigata, yana taɓa mini ƙirji in mota ta faɗa rami. Da muka wuce Samaru na hango kwanar gidanmu, na tuna matata Winifred ta ce in sayo mata daddawa, ban saya ba.

Daga bakin titi zuwa gonar tafiyar rabin awa ce. An yi ruwa da safe, laka tana kama mini takalmi. Ina tafiya ina sauraro. Duk hanyar nan kunnena yana jiran ƙara guda ɗaya, ban ji ta ba.

Na same shi zaune a bakin bukkar gona, bindigar a kan cinyarsa, ya riga ya ɗura. Shekararsa ashirin da huɗu, ya fi ni tsawo. Ya miƙe yana murmushi.

"Baba! Da kanka? Ai da ka ba direba ya kawo."

Na ce, "Ajiye ta."

"Yanzu za su sauko. Jiya sun cinye mini kunya huɗu."

"Ajiye ta a ƙasa, Mordecai."

Ya ajiye. Na juya ƙotar. Ga zane uku. Babu tabon ƙuna. Na gaya masa abin da na gani a Sabon Gari, na gaya masa na Julius. Ya saurara yana sosa wuya.

"Baba, Julius fa ko shayi zai haɗa sai ya cika sukari. Wa ya san abin da ya zuba mata? Kai dai kullum cikin fargaba kake. Da ina makaranta ma ka ce kada in hau keke."

Na ce ya kawo igiya.

Muka ɗaure ta jikin ɗorawar da ke bakin gona, bakinta yana kallon daji. Na ɗaura igiyar a kunama, muka koma bayan bukka. Na ja. Ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi, tsuntsaye suka watse. Bindigar tana nan yadda muka ɗaure ta.

Mordecai ya tafa hannu. "To ka gani? An ɓata ɗuri ɗaya a banza." Ya nufi bishiyar zai kwance ta.

Na ce, "A sake."

"Haba Baba."

"A sake. Ga albarushi na kawo."

Ya ɗura da kansa, daidai awo, yana girgiza kai. Na tsaya a kansa don in ga bai rage ba. Muka koma bayan bukka. Wannan karon shi ya karɓi igiyar, ya ja da yatsa ɗaya yana kallona yana dariya.

Ƙarar ta bambanta da ta farko. Wani abu ya wuce ta saman bukkar ya faɗa cikin masara. Da hayaƙin ya lafa muka je. Bututun ya buɗe kamar ɓawon ayaba, daidai inda mai harbi yake tallafe shi da hannun hagu. Wani guntun ƙarfe ya shige jikin ɗorawar har ba a iya zaro shi da hannu.

Mordecai ya daɗe a tsaye. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya duba gaba da baya, ya sa shi cikin aljihu. Ni kuwa na zauna a kan kunyar masara. Na ɗauka zan yi kuka ko in yi addu'a, sai ba ko ɗaya da ya zo. Kunnena dai yana ƙugi.

Can sai muka hango birai uku a ɗaya gefen gonar. Ƙarar ba ta kai su nesa ba, sun dawo. Ɗaya ya karya masara ya zauna yana ɓarewa.

"Za su cinye ta," in ji Mordecai.

Na ce, "Su ci."

Ya sa bututun cikin buhun da aka naɗo mini bindigar, ya ce in kai wa Sebastian in ajiye masa a ƙofa, kusa da na Julius. Sannan ya raka ni bakin titi. A wajen kwatar da ruwa ya cika, ya tsallaka ya miƙo mini hannu. Na hagun ne. Na kama, na tsallaka, ban sake shi ba har sai da na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Bai janye ba.

Na isa gida kafin rana ta faɗi. Winifred tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi buhun, ta dubi lakar da ke wandona.

"Baban Ƙauna, ina daddawar?"

Na ce na manta. Na jingina buhun a bayan ƙofa, na cire takalmi, na zauna.