Auta Bai Ce Yaya Ba

…kuma ruwan famfon nan ya ƙi yin sanyi. Tana ta wanke hannu, ta wanke ta sake wankewa — hannun da bai taɓa komai ba. Ko cokali ba ta ɗauka ba. Ce musu ta yi tana zuwa, ta baro abinci yana tururi, ta shigo banɗakin gidan abincin ta yi tsaye gaban madubi kamar wadda aka aika ta manta saƙon.

Ashe nan ne. Nan ne wurin aikin.

Ai Mama ta faɗa mata. Ta faɗa ta nanata a waya, murya har rawa take — "Cibiyar nan ta masu buƙata ta musamman ta samo wa Auta aiki a gidan abinci, za su haɗa shi da malama ta riƙa tsaya masa har ya saba" — ita kuwa waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ido a kan kwamfuta, "To madalla, Mama, Allah Ya sa albarka." Sunan wurin? An faɗa. Ta wannan kunnen ya shiga, ta wancan ya fice. Wace irin yaya ce ba ta san inda ƙanenta yake aiki ba? Aikinsa na farko… mutum ya doshi talatin…

Da ta sani da ta ce wa manaja su kai baƙin ofis wani wurin. To, ka ji. Ka ji abin da ya fara zuwa mata. Ba wai da ta zo tuntuni ta gan shi ba, a'a. Da sun je wani wurin.

Ta baya ta fara hango shi. Ko cikin duhu aka sa ta za ta gane tafiyar nan — ƙafar hagu tana jan ƙasa, kai a karkace yana neman kafaɗa. Rigar aiki, hula, ɗan keken kwashe kwanuka yana turawa a hankali kamar jariri ne a ciki. Wa ya goge masa rigar haka? Mama, mana. Da ciwon bayanta. An ɗaura masa ɗan hankici a wuyan hannu saboda yawu, yana ɗagawa ya share baki da kansa. Da kansa! Da can da gefen mayafinta take share masa, ba ta ko dubawa, tana sharewa tana ci gaba da hira…

Gabanta ya faɗi. Ba murna ba — kar ma ta yaudari kanta. Faɗuwar gaba irin ta wanda ya hango motar da ta ƙwace tana nufo shi.

Ya zo. Teburinsu ne na gaba, dole ya zo. Ya tsayar da keken, ya ciro tsumma, ya ɗago kai… ya gan ta. Ya gan ta sarai. Hannun damansa ya soma kaɗawa, yadda yake yi in daɗi ya kama shi, yadda yake yi in ya ji ƙarar motarta a ƙofar gida. Sai ya kama hannun ya danne a cikinsa.

"San-nu… da zu-wa. Ran-ki… ya daɗe."

Ita kuma? Me ta ce?

"Yawwa, sannu."

Yawwa, sannu. Abin da ake ce wa mai gadi. Abin da ake ce wa mai ba da tikitin ajiye mota. Ta ma ɗage jakarta daga teburin don ya ji daɗin gogewa — kai, sannu da kirki!

Shi ne fa wanda ta goya har kafaɗunta suka yi kanta, ita ma tana ƙarama, ƙafafunsa suna dukan gwiwoyinta. Shi ne wanda saboda shi ta ciji ɗan maƙwabta a kunne don ya kwaikwayi tafiyarsa, Baba ya dake ta a gaban mutane, da suka shiga gida ya sayo mata alawa. Ina yarinyar nan ta shiga? Wa ya sace ta ya ajiye wannan mai takalmi mai tsini?

Yana gogewa. Kusurwa, kusurwa, tsakiya, sannan gefen da ba a gani. Haka yake yi wa talabijin a gida tun yana yaro, har Baba yakan ce wata rana sai ya goge mai karanta labarai an wayi gari babu shi. Da malamar cibiyar ta zo gida, a ƙasa ta zauna kusa da shi, shi ta tambaya — ba Mama ba, ba ita ba, shi — "Wane aiki kake so?" Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce goge-goge. Ta jira shi. Ba ta ƙarasa masa kalmar ba. Su a gida kullum sai sun ƙarasa masa…

Ranar ita ce ta fi kowa ɗaga murya. "Mama, dariya za a yi masa. Ba ki san mutanen waje ba. A bar shi a gida, me ya rasa?"

Mutanen waje.

Bai yi nisa da keken ba manaja ya girgiza kai. "Allah sarki. Wai irin waɗannan ba su da 'yan uwa ne? A bar bawan Allah yana jan ƙafa yana goge tebur." Wata cikin baƙin ta ce ai gara haka da zaman gida. Sai akantan ofishinsu ya ce shi dai a ba su aronsa, wallahi ya fi masinjan ofis sauri. Aka kwashe da dariya.

Ta yi. Ta yi dariyar. Ba sosai ba — to sai me? Haƙoranta sun fito. Ga su nan a madubi, su ne dai. Ya ji? Bayansa ya ba su, amma kunnen Auta… mutumin da yake jin buɗe kwalbar lemo daga ƙarshen gida?

Kalma biyu ce fa. Ƙanena ne. Me zai faru? Rufin zai rufto? Za a fasa ƙarin girman? Manaja zai ji kunya, ya ce "Ayya, ban sani ba," a yi shiru, a ci abinci. Shi ke nan. Amma daga gobe a ofis ita ce wadda ƙanenta yake… a riƙa yi mata magana a tausashe, a riƙa "ya mai jiki?" Ba shi da ciwo! Lafiyarsa lau! Ga shi can yana aiki, ya fi —

Yanzu take kare shi. A banɗaki. Ita da madubi.

Wataƙila doka ce. I mana. Cibiyar tana koya musu: a wurin aiki ba a ihu, ba a rungumar mutane, kowa ya zo baƙo ne. Shi ya sa ya danne hannun. Umarni ya bi, ita ma ta taya shi bi. In ta kira shi da sunan gida ai ta rikita shi, ya saki kwanukan mutane, a sallame shi tun bai zauna ba. Taimakonsa ta yi ke nan… ko ba haka ba? Ko ba —

Ƙofa ta buɗe. Malamar ce, da takalminta mara tudu da katin cibiya a wuya. Ta dube ta ta cikin madubi.

"Yayar Auta, ko? Na gane ki tun shigowarku."

Ita kuwa ta kashe famfon. "Ke kika hana shi… wato, in ya ga ɗan gida a wurin aiki?"

"A'a. Cewa na yi ya gaishe shi yadda ya saba, mai wurin ma ya yarda. Shekaranjiya da Mama ta leƙo, sai da ya ja ta har kicin yana nuna ta." Ta yagi takardar goge hannu. "Yanzu zai huta. Ƙofar hagu, in kina so."

Ta fita. Ba harara, ba tsaki. Da ma ta yi tsakin.

Mama ya ja har kicin. Ita ya ce wa ranki ya daɗe.

Yaushe ta ce masa? Tana lalube, tana birkita shekarun kamar mai neman ɗan kunne a jaka… ba ta taɓa ba. Wallahi ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa kar ka kira ni a waje ba. To a ina ya koya? Mutumin da aka ce ba zai iya karatu ba, malamai suka sallamo shi da jakarsa — a ina ya karanta? A fuskarta? Tun yaushe yake dubawa? Sau nawa ya hango ta da mutane ya haɗiye "Yaya" ya wuce, ita tana cewa Allah Ya taimake ta bai gan ta ba?

Ta fito. Siririn lungu, warin sabulu da soyayyen mai. Hannun dama, wurin cin abinci, muryar akanta tana tashi. Hagu, ƙofar kicin, ba a rufe ta duka ba. Waya tana zillo a jaka — manaja ne, ba sai ta duba ba.

Daga ciki, ƙarar kwanuka, sai muryar nan mai nauyi, tana hawa kalma ɗaya-ɗaya kamar matakala.

"Ya-ya-na… ta zo."

"Kai, haba!" in ji wani, mai dafa abinci ne ko waye. "Wacece a ciki? Nuna mini in gaishe ta."

Tana jin ɗan tarin da yake yi in zai haɗa magana mai wuya.

"Ba… a… fa-ɗa."

Taku nawa ne tsakaninta da ƙofar? Ba yawa. Ta shiga ta ce me? Ta ce ga ni? Ya kalle ta ya kalli mutanen kicin, ya tsaya yana auna ko an yarda yau… Ta jingina da bango, sanyin tayil yana ratsa rigarta, wayar ta yi shiru ta sake somawa. Wani ma'aikaci ya taho da tire, ya ce ranki ya daɗe a ɗan ba ni hanya.

Ta matsa.