Warrick Ya Ajiye Injin Aski

Shekara ashirin Warrick ya yi yana askin tumaki, yana bin ayarin masu aski daga gona zuwa gona a karkarar garin Hay. Ya ajiye sana'ar ne saboda 'yarsa Tegan. Tana da lalurar da likitoci ke kira otizim, hayaniya na gigita ta, haruffa kuma rikice mata suke yi. Da ta kai shekara sha huɗu makaranta ta gagare ta, kullum sai an kira a zo a ɗauke ta daga ƙarƙashin tebur. Matarsa Leanne nas ce a asibitin gari, aikinta ba ya yankewa kamar nasa, don haka shi ya zama malamin gida.

Bai taɓa cewa ya gaji ba. Da safe su yi karatu a teburin kicin, layi ɗaya sai su maimaita shi har shayinsa ya huce. Lissafi kuwa da ƙwayayen kaji suke yi. Amma duk lokacin da sanyi ya fara ja baya, lokacin aski ke nan, sai ya riƙa tsayawa a taga, hannunsa na dama yana motsi shi kaɗai kamar yana bin gadon bayan tunkiya.

Wata Laraba tsohon ubangidansa Dougal ya bugo waya.

"Malam, muna gonar da ke bayan gada. Ko alli ya cinye maka hannu?"

Warrick ya yi dariya, ya ce zai gani. Ya kwana biyu yana shirya Tegan: ya zana mata rumfar askin, ya gaya mata za a yi ƙara, za a ji wari, za ta iya komawa mota duk sanda ta so.

Da suka isa rumfar, tun daga ƙofa warin man ulu ya daki hancinsa, ƙirjinsa ya cika. Injuna na ruri, karnuka na haushi, rediyo na ta kiɗa. Tegan ta danne abin toshe kunnenta da hannu biyu, ta fara lilo gaba da baya.

"Baba, mota."

Ya raka ta, ya buɗe mata taga yadda za ta hango shi ta ƙofar rumfar.

"Tunkiya ɗaya, Tegan. Kin yarda?"

"Ɗaya," ta ce.

Dougal ya miƙa masa inji. "A ba Malam tsohuwar tunkiya marar ƙarfi, kada ta kayar da shi a gaban ɗalibarsa."

"Kai da bayanka ya lanƙwashe kamar lauje, wa za ka yi wa gori?"

Aka kwashe da dariya. Warrick ya kama tunkiyar, ya zaunar da ita tsakanin gwiwoyinsa. Hannun bai manta ba. Ulun ya zube a ƙasa ɗungurungum kamar bargo, fari sol ta ciki. Bayansa ya ɗauki zafi, gumi ya cika masa ido, bai so askin ya ƙare ba.

"Ga wata," in ji Dougal, a hankali wannan karon. "Muna neman mutum har ƙarshen wata."

Warrick ya waiga. Tegan na zaune ta ƙura wa ƙofar ido, ta ɗaga yatsa ɗaya. Ya kashe injin, ya mayar wa mai shi.

Sun yi nisa a hanya kafin ta yi magana, idonta a kan shingen waya.

"Ka yi wata irin dariya a can. A gida ba ka yin ta."

Ya ci gaba da tuƙi. Ita ba zargi take yi ba, abin da ta gani take faɗa, kamar kullum.

"Ina kewar abokan aikina," ya ce.

"Ni ma ina kewar kifin da ake kiwo a ajinmu. Amma ba na son komawa." Sannan ta ce, "Kai kana so."

"Ina so. Amma na fi son zama da ke."

Ta gyaɗa kai, kamar ya ba da amsar lissafi daidai.

Ranar Litinin ayarin ya tashi zuwa arewa. Motocinsu suka bi ta ƙofar gidan, Dougal ya fito da hannu ta taga, bai danna ham ba saboda yarinyar. Warrick ya tsaya a bakin shinge har motar ƙarshe ta sha kwana. Daga ciki Tegan ta kira shi, ta ce burodinta ya gasu, kuma yau ita za ta shafa man shanu da kanta.