Kamus a Ƙarƙashin Ƙafar Gado

"Na ce ku ɗaga gadon nan!"

Tela ya tsaya a bakin ƙofa da tef a wuya, ya rasa ko ya shiga ko ya koma. Maƙwabcinsa Malam Asali na kwance, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, amma muryar tana nan daram. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ta tare gefen gadon ta riƙe ƙugu.

"Tela, shigo ka ji abokinka. Likita ya ce ko juya shi za a yi, a yi a hankali. Shi kuwa wai a ɗaga shi sama har da gado."

Malam Asali ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba kurakurai a maɗaba'a, ya fito da ciwon ido da ɗabi'a guda: ba kalmar Turancin da za ta gifta bai tono kakanninta ba. "Ka san asalinta?" Daga nan sunan ya bi shi. In aka hango shi tafe, kowa sai ya tuna ya bar wani abu a wuta. Tela kaɗai ba ya gudu, don ƙafarsa na kan keken ɗinki. Ga shi da furfurarsa ya shiga makarantar yamma, yana ganin girman duk abin da ke cikin littafi. Yana ɗinki yana cewa "To," har ya san a Turanci kalmar tsoka daga ɗan ɓera ta fito, ta tashin zuciya daga jirgin ruwa, ɗan ƙarfen bakin igiyar takalmi ma yana da suna, aglet, wai ƙaramar allura.

Kamus ɗin Malam juzu'i biyu ne, kowanne ya yi kaurin bulo. Da ƙafar gadon ta karye bara, Inna ta cusa na biyun a ƙasa kafin kafinta ya zo. Kafinta yana nan zuwa har yau.

"Zauna, Tela," in ji Malam. "A asibiti na ji likita ya faɗa wa ma'aikaciyar jinya wata kalma a kaina. Palliative. Asalinta ya gudu ya bar ni. Ni! Ga shi a ƙarƙashina ina kwance a kai, matar nan ta hana."

Inna ta yafito Tela zuwa tsakar gida, ta rage murya.

"Likita ya gaya mini, ba sauran magani, sai dai a rage masa zafi. Abin da kalmar ke nufi ke nan. Ban faɗa masa ba. In ya buɗe littafin nan zai gani."

"Me kika ce masa?"

"Na ce sunan maganin ƙarfin jiki ne. Ya ce to daga wane harshe?"

Tela ya daɗe yana murza bakin tef ɗinsa. Daga ɗaki suna jin Malam yana jera kalmomi shi kaɗai, yana tari, yana sake farawa. Tun jiya ko ruwa ya ƙi sha.

"Inna," ya ce a hankali, "mutumin nan ba zai huta ba sai ya gani."

Ta goge ido da gefen zane. "Ku yi abin da kuka ga dama. In kuka kayar mini da shi, ku da Allah."

Aka kira mai aski, ya bar wani da rabin kai a kujera.

"Da sharaɗi," ya ce tun daga ƙofa. "Ba za a gaya mini asalin komai ba."

"Kai da sunan sana'arka a Turanci daga gemu ya fito..."

"Kun ji ko? Ya fara!"

Mai aski ya ɗaga kusurwar gadon yana nishi, Inna ta riƙe kafaɗun Malam tana salati, Tela ya durƙusa ya zaro kamus ya tura dutsen gugarsa a madadinsa. Gadon ya ɗan karkace, ya tsaya.

Malam ya sa tabarau, ya kai shafin har hanci, ya sauke. Idon ya ƙi.

"Karanta mini, Tela."

Tela bai taɓa karanta Turanci a gaban mutane ba. Ya ɗora yatsa, yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗinkin hannu. Sau uku Malam yana gyara masa lafazi. Gumi ya keto masa.

"An ce daga Latin... pallium."

"Mayafi!" Malam ya bugi katifa. "Mayafi! Kai, kalma mai kunya. Ba ta cire ciwon, lulluɓe shi take yi."

Inna ta fashe da kuka. Malam ya juyo ya dube ta da mamaki.

"Haba, ke kuwa. Ai ma'anar tun a asibiti na san ta. Asalin ne ya ɓace mini." Ya lumshe ido. "Ba ni ruwa. Ki ja mini bargon nan, ƙafata ta yi sanyi."

Bayan kwana biyu, da hantsi, Tela yana kan keke ya ji kukan Inna ta katanga. Ya ɗage ƙafa, keken ya tsaya.

Kafinta ya zo gaisuwar rasuwar Malam, ya ce wallahi a makon nan yake shirin kawo ƙafar. Inna ta ce ya bar ta. Ita ta aiko wa Tela da juzu'i biyun a cikin kwando. Ba ta yi maganar dutsen guga ba, shi ma bai tambaya ba, ya ci gaba da aron na mai wanki da guga.

Kamus ɗin yana gefen keke yanzu. A bangon juzu'i na biyu akwai ɗan rami inda ƙafar gado ta zauna. Nan Tela ke ajiye alluransa.