Shayin Yansun na Mai Digiri

Cikin matata ya kumbura, kwana biyu ba ta ci abinci ba. Mijin 'yata, mai digiri biyu, ya shiga kicin da waya a hannu, wai zai dafa mata shayin yansun, wato 'ya'yan wani tsiro masu ƙamshi da ake sha don kumburin ciki. Ya juye rabin kwalbar yansun a tukunyar ruwa, ya bar ta a buɗe tana tafarfasa har ƙamshi ya cika gidan.

"Baba, ka ji ƙarfinsa?"

"Na ji. Maganin ya bi iska, labule ka warkar."

Na daka yansun ƙaramin cokali ɗaya, na zuba ruwan zafi, na rufe kofin minti goma. Matata ta sha, ta yi gyatsa, ta ce a kawo burodi.

Shi kuwa na miƙa masa tukunyarsa ya wanke.