Ɗigo Uku a Wuyan Riga

Mari na biyu ne ya jefa Sukhai cikin kwamin wanki, ruwan sabulu ya shige masa hanci. Kurtu Gaikwad ya fizgo shi da gashi, ya tsayar da shi gaban Sufeto Pellow. Baturen na riƙe da wata farar riga, jini ya bushe a kafaɗarta.

Tun jiya Bombay ke ci da wuta. Ma'aikatan masaƙa sun tare titi suna cewa Turawa su tattara su tafi, soja suka buɗe musu wuta. Wani ya rotsa kan saja da dutse, ya sha harsashi, ya yar da rigar ya tsere. To, kowane mai wanki na ɗiga alamar gidan mai kaya da tawada a wuyan riga, kuma wannan hannun Sukhai ne.

"Ta wane gida ce?" in ji Sufeto.

"Idona ya mutu, Sahib."

"Yanzu zai farfaɗo, tsohon banza," in ji Gaikwad, ya sauke masa gindin bindiga a yatsu. Ƙashi ya ce ƙas! Matan wurin suka sa kururuwa.

Sukhai ya san wanda ya sa ta sarai. Dhondu masaƙi ne, ga shi can kwance ƙarƙashin tulin zannuwa, taku goma daga takalmin Bature. Shi ya ce ba zai tsaya gaban Turawa da tsumma ba, Sukhai ya ara masa daga kayan mutane, yadda masu wanki suka saba. In aka gano shi, rataye shi za a yi. Tsoro kam ya kama tsoho Sukhai.

"Zan faɗa," ya ce. "Ɗigo uku da layi. A duba wuyan taka, Sahib."

Gaikwad ya leƙa wuyan rigar maigidansa. Ɗigo uku da layi.

"Iska ta ɗauke ta daga shanya, ranka ya daɗe. Laifina ne," in ji Sukhai.

Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya. Fuskar Sufeto ta yi jajur. Wa zai kai rigarsa kotu a matsayin shaida? Ya haure Sukhai a ciki, ya cusa rigar a hammata, ya nufi mota.

Gaikwad ya juya zai bi shi, sai ya tsaya. Jini sabo na tsattsafowa ta zanen saman tulin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya janyo bargo daga igiya ya jefa a kai.

"Baba," ya ce, "wankin nan naka bai fita ba."