Hutun Gwaji

Wuƙar yanka kuɓewa ce ta fara ɓacewa. Maimuna ta ajiye ta a bakin faranti, ta juya ta ɗebo ruwa a randa, kafin ta waiwayo babu wuƙa babu alamarta. Iya, surukarta, tana zaune a gindin turmi, hannu naɗe a cikin zane, fuskar nan kamar ba a gabanta aka yi ba.

"Iya, ko kun ga wuƙar?"

"Bari, 'yar nan, je ki kwanta. Ai likita hutu ya ce."

Hutu kam ya ce, amma ba irin wannan ba. Kwana biyu ke nan da dawowar Maimuna ƙauyensu Durba daga asibitin masu taɓin hankali da ke birni, bayan wata huɗu a can. Ba a sallame ta ba tukuna. Ranar da za su taho, Sista Afra'u, nas ɗin ɗakinsu, ta zaunar da ita da mijinta Haliru ta warware musu zancen dalla-dalla.

"Ranar da aka kawo ki, kwantar da ke aka yi, mijinki ya sa hannu. Wannan kuwa hutun gwaji ne, sati biyu. Gadonki yana nan da sunanki. Ki je gida ki yi girki, ki goya 'yarki, ki sha maganinki. Ran Talata ta biyu ku dawo tare, likita ya ji daga bakinki, ya ji daga bakinsa. In komai lafiya sai sallama: maigida ya sa hannu ya karɓe ki, shi ke nan."

A duk bayanin nan kalma uku Maimuna ta riƙe, ta yi ta juya su a mota tun daga birni har Rano, daga Rano har gida: ki goya 'yarki.

Ciwon ya same ta ne bayan arba'in. Barci ya ƙaurace mata, ta riƙa jin ana raɗa mata cewa za a ɗauke jaririyar. Wata safiya aka tsinto ta a hanyar Kibiya, ba mayafi ba takalmi, ta ƙanƙame jaririyarta Mufida a ƙirji. An sha rubutu, an yi turare har ɗakin ya yi baƙi, sai da abin ya gagara aka kai ta asibiti a Rano, can aka rubuta musu takarda zuwa birni. Yanzu raɗar ta tafi, barci ya dawo, kanta ya yi wasai. Yarinyar da ta bari a zanen goyo kuwa har ta iya rarrafe, kuma ba ta san ta ba.

* * *

Bayan wuƙa sai ashana. Bayan ashana sai guga, don an ce kada ta kusanci rijiya. Mufida kuwa a bayan Iya take wuni, a ɗakin Iya take kwana. In an sauke ta shan kunu, Iya kan zauna tsakaninta da uwar, ta baje zane ta tare hanya.

Ga kuma wani ƙulli da likita bai san da shi ba. Mufida 'yar fari ce, mace mai kunya kuwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta buɗe baki a gaban suruka ta ce a miƙo mata ita. Da can wannan tarbiyya ce da ake yaba wa Maimuna. Yanzu ta zame mata takunkumi. In ta roƙa, a ce ciwo ya cire mata kunya. In ta yi shiru, a ce duba, ko kallon 'yarta ba ta yi.

Mata suka yi ta zuwa sannu, kuma wallahi rabinsu kallo ya kawo su. Su tsugunna nesa-nesa, su yi mata magana da ƙarfi sai ka ce kurma. Ran nan wata ta ba da labarin akuyar da ta cinye mata sabulu, Maimuna ta yi dariya kamar kowa, sai ta ga duk an yi tsit ana haɗa ido. Tun daga ranar ta daina dariya. Sai kuma ta jiyo Iya a zaure tana cewa, "Shirun nan nata ne ba na so. Haka ta fara wancan karon."

To, ya za ta yi da ranta? Ta ɗauri aniyar zama kamar turmi, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Takan sha ƙwayarta a tsakar gida a gaban kowa, har ta buɗe baki a ga ta haɗiye. Ta ƙirga kwanaki a yatsu: in Talata ta yi aka ba ta sallama, takarda ce daga hannun likita, babu mai sake shiga tsakaninta da 'yarta.

A kwana na tara, da hantsi, ta tare Haliru yana ɗaura fartanya a bayan babur.

"Malam, ka yi wa Iya magana mana. Ko na rabin wuni ne a bar ni in goya ta."

Ya sunkuyar da kai yana ta jan igiyar da ta riga ta ɗauru. Haliru ba mugu ba ne. Shi ya riƙa zuwa birni duk Juma'a ta biyu da ƙullin ƙuliƙuli da dabino. Sai dai tunda aka haife shi bai taɓa ce wa Iya a'a ba, bai ma san ta inda ake farawa ba.

"Ki ƙara haƙuri, Maimuna. Kwana nawa ya rage? Tsoro take ji, ba ƙiyayya ba ce."

"Kai ma tsoron kake ji?"

Ya tayar da babur ɗinsa.

* * *

Ranar Lahadi, saura kwana biyu, wajen la'asar. Talge yana tafasa a kan murhu, Iya ta sauke Mufida ta duƙa tana tankaɗe, ta ba wutar baya. Maimuna tana ƙofar ɗakinta, inda ta saba zama, tana satar kallon yarinyar ta gefen ido.

Mufida ta rarrafa, ta rarrafa, ta kama ƙarshen wani dogon itace da ya leƙo daga murhu, ta ja. Tukunya ta karkata.

"Mufida!"

Sunan ya fita da wata irin murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba. Tsalle biyu ta yi. Iya na kan hanya, ta bangaje ta, ta suri yarinyar ta juya wa tukunyar baya, talgen ya kwaranyo mata daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Ba ta ji zafin ba a lokacin. Abin da ta ji shi ne nauyin 'yarta a ƙirjinta, ɗumi-ɗumi, da warin kunu a wuyanta. Wata huɗu da sati biyu! Ta ƙanƙame ta tana kuka tana kiran sunan, ta kasa dainawa.

Abin da maƙwabta suka tarar da suka faɗo gidan shi ne tsohuwa a ƙasa tana riƙe da ƙugu tana salati, tukunya a kife, jaririya tana tsala ihu a hannun matar da kowa ya san daga inda ta dawo.

"Ciwon ya tashi! Ku ƙwace yarinyar!"

"Wuta za ta taɓa," Maimuna ke faɗi, "itacen ta ja, ku duba, ku duba itacen!"

Wa zai duba itace? Maza biyu suka ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗaure ta da igiyar guga, aka kulle a ɗaki. Iya ba ƙarya ta yi ba da ta rantse cewa ita dai ba ta ga yarinya kusa da wuta ba. Ta ina za ta gani, ta juya baya?

* * *

Ran Talata likita ya warware tsumman da aka naɗe ƙunar da shi, ya daɗe yana kallo. Ya saurari Haliru: ta ture tsohuwa, ta kifar da tuwo, ta fizge yarinya, har sunan 'yar fari take kira da ƙarfi a gaban mutane. Sannan ya juya ga Maimuna. Ta ba da labarin a tsanake, daga wuƙa har igiya, tana danne muryarta don kada ta yi rawa a ce wani abu ne.

Ya yi mata tambayoyi masu yawa, barci, abinci, ko raɗar ta dawo. Ya ajiye biro.

"Malam Haliru, ni ban ga ciwo a nan ba. Uwa na gani da ta cire 'yarta daga wuta. Dubi inda ƙunar take, ta bayan hannu ce. Na sallame ta." Ya tura masa takarda. "Sa hannu a nan, cewa ka karɓe ta."

Wani sanyi ya ratsa Maimuna har tafin ƙafa. Alhamdulillahi, ashe akwai mai ji! Ta fara lissafin zanen da za ta yi goyo da shi.

Haliru ya ɗauki biron, ya juya shi, ya sake juya shi.

"Likita, Iya ta ce in na komo da ita, ita za ta bar gidan. Har yanzu ba ta iya miƙewa. Mutanen gari ma sun ce..." Ya haɗiye sauran. "A ɗan ƙara riƙe ta tukuna."

"Nan asibiti ne, ba wurin ajiya ba. Lafiyayya ce. Tana da wani nata?"

Iyayenta sun rasu, sai yayanta Mato da ke sayar da taki a kasuwar Rano. Aka kira shi a waya, Sista Afra'u ta buɗe muryar kowa ya ji. Mato ya ce matar aure ce, mijinta ke da iko da ita, shi kuma ɗaki ɗaya gare shi da 'ya'ya bakwai. Ya yi mata fatan sauƙi ya kashe.

"Sista," in ji Maimuna, "ni ba zan iya sa wa kaina hannu ba? Na iya rubuta sunana."

Sista Afra'u ta kau da kai. "Da da ƙafarki kika zo kika nemi gado, da sai ki sa. Amma kawo ki aka yi. Ƙa'idar gidan nan, wanda aka kawo sai an zo an karɓe shi. In kika fita haka, 'ta gudu' za a rubuta a katinki."

Aka kira azahar. Haliru ya miƙe da sauri kamar wanda aka ceta, ya ce bari ya yi salla ya yi tunani, yanzu zai dawo. Bai yarda sun haɗa ido da Maimuna ba. Ya bar biron a kan takardar.

* * *

Aka wanke mata ƙunar aka naɗe da bandeji. Gadonta an riga an ba wata sabuwa da aka kawo da safe, tunda a rubuce ita sallamammiya ce. Sista Afra'u ta ce ta jira a baranda ta baya.

Mata biyar ne a kan wani dogon benci, tsaf da su, ɗankwali a ɗaure. Ɗaya tana saƙa hula, ɗaya tana jan carbi. Mai saƙar, wata dattijuwa, ta matsa, ta share wurin da gefen zanenta.

"Zauna nan, 'yata, ta nan an fi hango ƙofa. Sunana Tani. Daga ina?"

"Durba. Amma ni an sallame ni, maigidana nake jira. Salla ya je."

"Allah sarki. Ai duk nan sallamammu ne. Ni daga Kahu nake, damina uku ke nan." Ta koma kan saƙarta.

Maimuna ta ɗosana a bakin bencin, ledar kayanta a cinya, ta ƙi ajiye ta ƙasa. Duk babur ɗin da ya tsaya a bakin ƙofa sai ta ɗaga kai. Inuwa ta tashi daga ƙafafunsu ta hau bango. Aka kira la'asar, masallata suka shiga suka fito, suka watse.

Can mai rabon abinci ta turo kekenta, ta tsaya ta ƙirga kawunan da ke bencin da baki. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta koma ciki ta ƙaro kwano ɗaya.