Garin da Ya Rage a Cikin Waya

"Matso da shi, Dzifa. A'a, kin wuce. Koma wajen itatuwan kwakwar nan."

Ina juya kifi a kan murhu na jiyo muryar Togbui Agbeko, dattijon maƙwabcinmu, ta bayan dangar da ta raba gidajenmu. Rabon da in ji ya ɗaga murya haka tun ranar da teku ta cinye garinmu, aka kwaso mu zuwa wannan siririn yashi da ke tsakanin teku da tafki. Na goge hannu na leƙa.

Yana zaune a kan tsohuwar ragarsa, jikarsa Dzifa, 'yar aji huɗu, ta durƙusa gabansa da wayar uwarta. A makaranta aka koya musu wata manhaja mai nuna duniya kamar ƙwallo, ka juya ta da yatsa, ka sauko har kan rufin gidan mutum.

"Daavi Ablavi, zo ki ga gidanki!" in ji yarinyar. Daavi ake kiran babbar mace a wajenmu.

Na kuwa gani. Ga rufin kwanona mai tsatsa, ga coci, ga jirage a jere bakin ruwa. Tsohon hoto ne, tun kafin ruwan ya zo. Togbui ya ɗora farce a kan wani farin ɗigo bayan cocin.

"Kakarki ke nan, Dzifa. Da hannuna na shafe kabarin da farar ƙasa."

Ana haka 'yarsa Esinam, uwar Dzifa, ta dawo daga kasuwa, ta sauke daro.

"Papa, kar ka biye mata. Jiya ta kai ni ƙasar Sin, yau ta kai ka maƙabarta."

"Karatu ne fa, Tica Kudzo ya ce mu riƙa dubawa," in ji Dzifa.

"Na san hoto ne, ban haukace ba," in ji tsohon. "Ku dai bar ni."

Daga nan kullum da la'asar sai su shiga garin ta cikin waya su biyu. Yana bin lungu-lungu yana faɗa mata gidan wa ne wannan, wa ya yi rigima da wa a kan kan iyaka, a ina aka taɓa kama kifin da ya fi jirgi tsawo. Ya dawo cin akple, tuwon masararmu, da miyar kuɓewa har yana neman ƙari. Ni kaina na ce wa mijina abin nan alheri ne, yaranmu su san inda suka fito.

Wata Laraba Dzifa ta dawo daga makaranta ta zauna a bakin ƙofa da jakarta a baya. Togbui ya kira ta, ta ce wayar ba caji. Ya ce ƙarya take. Sai ta faɗa. Ashe malamin ya nuna wa ajin cewa ana iya duba hoton wuri shekara bayan shekara, kuma da garinmu ya yi musu misali.

"Nuna min."

Ta nuna masa. Jiragen suka fara tafiya, sai layin kwakwa, sai gidana. Coci ya tsaya a cikin kumfa shekara guda, ya bi su. Farin ɗigon ma ya tafi. Yarinyar ta ja hoton zuwa inda muke yanzu, zare ɗaya na yashi, ruwa dama da hagu.

"Tica ya auna. Ya ce kafin mu gama sakandare teku ta iso makaranta." Ta ɗago ta dube shi. "Togbui, in ka mutu a ina za a sa ka? Nan ma tafiya zai yi."

Esinam ta ɗaga hannu za ta kife ta da mari, tsohon ya riƙe ta.

"Ƙyale ta. Ku manya ba wanda ya tambaye ni."

Washegari na raka Esinam makaranta, don na ga ranta a ɓace yake.

"Ƙarya kike so in koya musu, Daavi?" malamin ya tambayi Esinam. Shi ma idonsa ya yi ja.

"Shekararta tara, Tica! Ta ƙi yarda ta cire takalmi ko da za ta kwanta, wai don in ruwa ya zo."

Ya sunkuyar da kai yana murza alli a hannu. Muka juyo.

Togbui bai sake neman wayar ba. Abinci sai ya taɓa ya ture. An kai shi asibiti, suka ce ba su ga komai ba sai tsufa. Ranar da na kai masa koko ya kama bakin zanena.

"Ablavi, ku ƙetara da ni tafki. Ko cikin kaburburan baƙi ne, a sa ni inda yarinyar nan za ta same ni in ta girma."

"Haba Togbui, sha kokonka."

Bai sha ba. Da safiyar Talata ya cika, lokacin da maza ke jan raga suna waƙa a bakin teku.

A jirgin mijina muka ɗora akwatin gawar. Ruwan tafkin ba zurfi, da gora ake tuƙi, kuma duk turawa sai akwatin ya ɗan gusa ya bugi katako. Dzifa ta taso daga jikin uwarta, ta zauna a ƙasan jirgin cikin ruwan da ya taru, ta tokare shi da kafaɗarta. A haka ta zauna har muka kai waccan gaɓar.